Ɗan Koci, Ɗan Wana, da Maki 325

Ina da wani aboki Ba'amurke, mutumin jihar Ayowa. Mun koyar tare a wani kolej na karkara cikin jihar Maraɗi, tun zamanin da ƴan sa-kai na Amurka suke zuwa Nijar, shi yana koyar da Ingilishi, ni kuma tarihi da labarin ƙasa. Ya daɗe da komawa gida, amma zumunci bai yanke ba. Muna gaisawa ta WhatsApp, da ƴar Hausarsa da ta soma tsatsa. Ran 30 ga Oktoba 2023 da dare sai ga saƙonsa: "Malam, an sallami ɗan koci." Na san wanda yake nufi, don ya yi shekara biyu yana cika mini kunne da zancensa. Na mayar masa da barkwanci, na ajiye waya. Amma daren nan barci bai zo da wuri ba, saboda labarin ya fama mini wani tsohon miki.

Sai na ɗan yi bayanin wasan tukuna, don ba irin ƙwallon da yaranmu suke bugawa a fili ba ne. Ƙwallon Amurka ya fi kama da zari-ruga: da hannu ake ɗauka, a jefa, a ruga da shi. Kowane gefe mutum 11 ne a fili, sai dai ƙungiya ɗaya tana da runduna biyu. Idan ƙwallo yana hannunku, ƴan kai hari ne suke shiga. Da zarar ya koma hannun abokan karawa, sai su fita duka, ƴan tsaron gida su shigo. Ana ba masu hari dama huɗu su ci gaba da yadi 10, wato mita 9 da ɗan abu. In sun kasa cikin uku, galibi sai a kira wani ya doka ƙwallon da ƙafa can nesa, a bar wa abokan karawa. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya sami maki 6, wanda ya buga shi tsakanin sanduna daga cikin fili ya sami 3. Kowace runduna tana da nata malamin: akwai mai tsara hari, akwai mai tsara tsaro, bisa kansu kuma akwai babban koci. Duk wanda ya taɓa aiki a lakkol zai gane tsarin nan take: darakta ne da malaman fannoni. Ƴan wasan kuma ɗaliban jami'a ne, shekarun da doka ta ba su su yi wasa ƙididdigaggu ne, in sun wuce sun wuce.

A Jami'ar Ayowa babban koci shi ne Kirk Ferentz, yana kan kujerar tun 1999. Babba cikin ƴaƴansa maza uku shi ne Brian. Ba za a ce Brian bai san aiki ba. Ya yi wasa a ƙungiyar, ya yi aiki a ƙungiyar ƙwararru ta New England Patriots, sannan ya dawo gida a 2012 yana horar da ƙartin da suke tare gaba su kare mai jefa ƙwallo. A 2016 waɗannan yaran nasa ne suka ci kyautar da ake ba layin da ya fi kowane a jami'o'in ƙasar. Shekarar da ta biyo, 2017, aka ɗaga shi ya zama mai tsara hari gaba ɗaya. Dokar jami'ar ta hana mutum ya zama shugaban ɗansa a wurin aiki, don haka a takarda aka rubuta cewa Brian yana ƙarƙashin daraktan wasanni na jami'a ne. A fili kuwa kowa ya san wa yake ba shi umarni kowace safiya.

Abu ya yi ta lallaɓawa har 2022, shekarar da ta tona asiri. A wasan farko na kakar Ayowa ta ci wata ƙaramar jami'a ta jihar Dakota ta Kudu da 7 da 3, ba tare da ƴan hari sun kai ƙwallo ƙarshen fili ko sau ɗaya ba: maki 3 daga bugun ƙafa, sauran 4 ƴan tsaro ne suka samo. Da aka rufe kakar, cikin manyan ƙungiyoyin jami'o'i 131, harin Ayowa ya zo na 130 wajen yawan filin da yake ci, maki kuma 17.7 a kowane wasa. Duk da haka sun ci wasa 8 cikin 13, albarkacin ƴan tsaro. Ƴan kallo kusan 70,000 da suke cika filin wasan Kinnick suka soma rera waƙar a kori Brian, uban yana tsaye bakin fili yana ji.

Mafitar da daraktan wasanni na lokacin, Gary Barta, ya samo ita ce ta fi ɗaukar hankalina. A Fabrairun 2023 aka sake rubuta yarjejeniyar aikin Brian. Aka rage albashinsa na shekara daga dala 900,000 zuwa 850,000, dalar Amurka fa, ba tamu ta CFA biyar ba. Aka kuma gindaya masa sharaɗi biyu: ƙungiya ta ci wasa 7 aƙalla, kuma ta sami maki 25 a kowane wasa in aka raba. Wasa 13 sau 25 ya ba da 325. Daga ranar wannan adadi ya zama abin dariya a Amurka. Bayan kowane wasa sai ƴan jarida su fito da lissafin saura maki nawa. Abin mamaki, har makin da ƴan tsaro suka samo ana zuba shi cikin asusun Brian. Wato an yi mudun auna aikin mutum, sai ga shi mudun yana ɗaukar hatsin maƙwabci.

Kakar 2023 ta zo da nata jarrabawar. Penn State ta lallasa su 31 da nema a watan Satumba. A ƙarshen watan Cade McNamara, mai jefa ƙwallon da suka ɗauko daga Mishigan suna sa rai da shi, ya ji rauni a gwiwa, bai sake wasa ba a shekarar. Wasu biyu daga cikin masu cafe ƙwallo da aka fi dogara da su, su ma rauni ya kwantar da su. Ran 21 ga Oktoba Minesota ta ci su 12 da 10 a gidansu. Kafin nan Barta ya riga ya yi ritaya, wata mace mai suna Beth Goetz take riƙon ƙwarya. Kwana tara bayan wasan Minesota ta fito ta sanar cewa Brian zai ƙarasa kakar, amma ba zai dawo ba. Ba ta jira a cika lissafin 325 ba. Uban ya nuna bai ji daɗi ba, ya ce shi al'adarsa sai an gama kaka yake auna kowa.

Bayan sanarwar sai ƙungiyar ta ci wasa huɗu a jere: 10 da 7, 22 da nema, 15 da 13, 13 da 10. Ta zama zakarar rukuninta, ta je wasan ƙarshe na gasar Big Ten, Mishigan ta ba ta 26 da nema. Ran 1 ga Janairu 2024 Tenesi ta ƙara mata 35 da nema. An tashi da nasara 10, faɗuwa 4, maki 216 cikin wasa 14. A wannan shekarar mai tsara tsaronsu, Phil Parker, shi ya karɓi kyautar mataimakin koci mafi ƙwazo a ƙasar, mai doka musu ƙwallo nesa kuma, Tory Taylor ɗan Ostareliya, ya karɓi ta fanninsa, don ba wanda ya kai shi samun aikin yi. Gida ɗaya, ɗaki ɗaya na fari a ƙasa, ɗaki ɗaya na ƙarshe.

To, ga inda abin ya taɓa ni.

Bayan na bar makarantun gwamnati na riƙe daraktan wani ƙaramin kolej mai zaman kansa a cikin gari, na wani Alhaji ɗan kasuwa. Ina da wa, wanda shi ya ɗauki nauyin karatuna bayan rasuwar mahaifinmu. Da ɗansa ya gama jami'a bai sami aiki ba, Yaya bai ma buɗe baki ya roƙe ni ba, ni na kai kaina. Na ɗauki yaron ya koyar da lissafi a aji na farko da na biyu. Kuma wallahi ya iya. Yana da haƙuri da ƙananan yara, yana zuwa da duwatsu da karan dawa ya nuna musu kasafi, yaran da suka zo daga firamare suna tsoron lamba sai ga su suna rige-rigen ɗaga hannu. Da malamin ajin BEPC ya sami wani aiki ya tafi, ban yi shawara da kowa ba na ɗaga ɗan wana zuwa ajin jarrabawa. Na ce a raina ai mai iya wancan zai iya wannan.

Shekarar farko sakamakon lissafi ya yi muni. Na ce littattafai ne ba su isa ba. Shekara ta biyu ya sake yin muni. Na ce ɗaliban bana ne ba su da tushe. Duka biyun akwai ƙanshin gaskiya a ciki, shi ya sa suka yi mini daɗin faɗa. Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Kowane zangon karatu ina shiga ajin kowane malami in zauna a bencin baya in saurara, in kira shi ofis mu tattauna. Ajin ɗan wana kaɗai ne ban taɓa shiga ba. Ina zuwa bakin ƙofa sai in tuna da wani aiki. Tsoro nake ji in ga abin da zai tilasta mini magana, maganar da za ta bi ni har zauren Yaya ranar Juma'a. Na lura in na shiga ɗakin malamai hira tana yankewa, na yi kamar ban lura ba.

Da Alhaji ya matsa, sai na kawo dabarar da na ɗauka ta hikima ce. Muka rubuta takarda: a jarrabawar gwaji ta shekara mai zuwa dole rabin aji su sami 10 bisa 20 a lissafi, in ba haka ba a sake shawara. Na miƙa wa yaron takardar ya sa hannu, ban haɗa ido da shi ba. Na ji sanyi a raina, don yanzu ba ni zan yanke hukunci ba, lamba ce za ta yanke.

Abin da ya biyo baya duk malami zai iya hasashensa. Yaron ya daina koyarwa, ya koma farautar rabin aji. Ya tattara tsofaffin tambayoyin jarrabawa yana sa ɗalibai haddace hanyoyin amsa. Babin da ya ga yana cin lokaci, irin su lissafin siffofi, ya tsallake. Ya ware waɗanda suke kusa da 10 ya dage a kansu, na bayan aji kuwa, waɗanda suka fi kowa bukatar malami, ya bar su da Allah, don ba su da amfani ga lissafinsa. Tambayoyin gwajin ma shi ya tsara su, tunda shi kaɗai ne malamin fannin a ajin. Aka yi gwaji, rabin aji suka haye da ƙyar. Na kai wa Alhaji takarda ina murmushi. Da damina BEPC ta gaskiya ta zo, ta kwashe su.

Kwana biyu da fitowar sakamako wata mata ta zo ofishina. Tana sayar da ƙosai da safe, da shi ta biya wa ɗiyarta kuɗin lakkol shekara huɗu. Ta gaishe ni cikin ladabi, ta ƙi zama a kujera. Ta ce: "Malam darakta, ban zo neman kuɗina ba, abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa. Tambaya ɗaya gare ni. Da malamin nan ba ɗanku ba ne, da yana nan har yau?" Na soma kawo zancen littattafai. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "To, Allah ya ba mu alheri," ta fita. Yarinyar ba ta maimaita ajin ba. Kafin shekara ta zagayo an yi mata aure.

Alhaji ne ya sallami ɗan wana, da wasiƙa, ranar da na ƙirƙiro wa kaina tafiya. Da na dawo yaron ya same ni a gida bayan isha'i. Bai ɗaga murya ba. Ya ce: "Baba, shekara uku kana ganina kullum. Me ya hana ka gaya mini?" Sannan ya faɗi abin da har yau yake sukata. Ya ce tun zangon farko ya gane ajin ya fi ƙarfinsa, ya so ya roƙe ni in mayar da shi wurin ƙananan yara, amma ya ji kunya, kada a ce ɗan darakta ya gaza, ya ja mini abin faɗa. Ashe ni ina rufa masa asiri, shi yana rufa mini, yara kuma suna biyan kuɗin rufin.

Shi ya sa da na karanta labarin maki 325 ban yi dariya irin ta abokina ba. Na gane takardar, don na taɓa rubuta irinta. Ana kawo irin wannan lamba ne a wurin da mai ikon magana ya kasa magana. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Duk wanda ya zauna ya kalli harin Ayowa a 2022 bai bukaci a jira wata shekara ana ƙirga maki ba, kamar yadda awa ɗaya a bencin baya ta ishe ni sanin halin da ajin ɗan wana yake ciki. Lamba tana da amfani in ta zo tana taimakon idon shugaba. In ta zo ne don shugaba ya rufe ido, sai ta ɓata aikin da aka ce ta auna, ta kuma ƙara wa wanda ake aunawa wulaƙanci. Brian ya yi wata takwas duniya tana ƙirga masa maki kamar mai bin bashi, a ƙarshe ma ba lambar ce ta yanke ba, mutum ne ya zo daga waje ya yanke.

Ba ina cewa sallamar kuskure ba ce. Ɗalibin da ya zo Ayowa don ya cafe ƙwallo ya nuna kansa ga ƙungiyoyin ƙwararru, ya ƙare shekarunsa cikin harin da ba ya motsi, ba mai mayar masa da su. Ɗiyar mai ƙosai ma haka. Idan ana jin tausayin malami, a tuna akwai wasu a ɗakin da su ma suke da haƙƙi, kuma su ba su da albashin da za a rage, shekarunsu ake ragewa. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, gaskiya ne, amma ba a ce ka ci gaba da tuƙa wa jama'a tuwo da shi ba. Magani ake nema masa.

Sai dai kuma kada a ɗauka sallama ita ce maganin duka. A farkon 2024 Ayowa ta ɗauko Tim Lester ya maye gurbin Brian. Hari ya farfaɗo, maki ya haura 27 a kowane wasa, ya wuce sharaɗin da aka gindaya wa Brian. Amma wasa 8 suka ci, suka faɗi 5, ƙasa da shekarar da aka yi korar. Kuma mutum biyun da suka riƙe kujerar kafin Brian, su ma sun sha suka daga magoya baya kan hari mai ɗari-ɗari, don salon wasan na babban koci ne: a riƙe gida, a guji kuskure, a ci da ƙyar. Mu ma da muka sami sabon malamin lissafi, makin fannin ya ɗaga, amma yawan masu cin BEPC bai yi wani tsalle ba, saboda raunin Faransanci yana nan, cunkoson aji yana nan, darakta ma yana nan. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Sauƙin korar malamin fanni shi ne tana kwantar da hankalin jama'a ba tare da an taɓa mai babbar kujera ba.

Abin da na canza bayan haka kaɗan ne, amma na riƙe shi. Ba na sake ɗaukar wanda ba zan iya zama a bayan ajinsa ba. In dole ta sa ɗan uwa ya shigo, wani ne zai duba aikinsa, dubawa ta gaske, kuma in gaya wa uwayen yara haka tun ranar buɗe lakkol. Ba na ɗaga malami zuwa ajin jarrabawa don kawai ya yi kyau a ƙaramin aji, sai na tambaye shi, na kuma sa shi ya gwada a gabana. Malamin da ya soma tangaɗi, a watan Nuwamba nake gaya masa, mu biyu a ofis, lokacin da gyara yake da amfani, ba a watan Yuli a takarda ba. Ku kuma uwaye, in sakamako ya ɓaci kuka zo da fushi, kuna da gaskiya. Amma kafin ku nemi a kori malam wane, ku tambayi darakta sau nawa ya shiga ajin a bana, me ya gani, me ya yi a kai. Amsarsa za ta nuna muku inda ciwon yake.

Yaya ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska. Ba korar ce ta ɓata masa rai ba, ya ce, yadda na bar ɗansa ya ji daga bakin wani. Ɗan wana yanzu yana koyarwa a wata makarantar, aji na farko na kolej, da duwatsunsa da karan dawarsa, kuma ina jin yabonsa daga bakin mutanen da ba su san alaƙarmu ba. Bara ya gayyace ni in zo in ga ajinsa. Na je, na zauna a bencin baya, awa ɗaya cur. Da aka tashi ya biyo ni waje ya ce, "Baba, me ka gani?" Na gaya masa abu biyu da suka yi kyau, da ɗaya da yake bukatar gyara.